Dishi-dishin gani da tabarau: Abin da bincike ya gano a Zariya da sauran sassan Nijeriya

Mafi yawan manyan da ganinsu ya yi rauni a Nijeriya, amma bai kai ga makanta ba, ba wata cuta ce ke cin idonsu ba. Idon ne ke kasa tattara haske a daidai inda ya kamata, kuma tabarau da aka auna daidai kan gyara matsalar nan take.

Wannan shi ne abin da binciken lafiyar ido mafi girma da aka taɓa yi a ƙasar ya nuna, wanda aka gudanar daga shekarar 2005 zuwa 2007. Binciken ya kuma gano cewa ƙasa da kashi 5 cikin 100 na masu buƙatar tabarau ne ke sanye da wanda ya dace da idonsu.

Batun dai ya shafi unguwanni irin su Tudun Jukun da ke yankin Tudun Wadan Zariya kai tsaye. Zariya gari ne na karatu da aikin hannu. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan Jami'ar Ahmadu Bello take, kuma birnin ya yi suna wajen ɗinkin manyan riguna da zauren karatun malamai. Dukan waɗannan ayyuka ne da ke tsayawa cak idan ido ya daina rarrabe baƙaƙe ko kafar allura.

A Tudun Wada ne kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi shekaru da dama, kafin a mayar da babban mazauninsa zuwa Shika a 2005. Likitocin ido na asibitin na daga cikin waɗanda suka yi nazari a kan wannan matsala a tsakanin mutanen garin.

Yadda ido ke gani

Kafin mutum ya ga abu, sai hasken da ya fito daga abin ya shiga ido, ya taru a kan wani siririn tantani da ke can bayan ƙwayar ido. Daga nan ne jijiyar gani ke kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa.

Sassa biyu ne ke lanƙwasa hasken. Na farko shi ne garai-garan tantanin da ya rufe baƙin ido, wanda ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin. Na biyu kuma wani ɗan madubi ne mai taushi a cikin ido, wanda ke kumbura idan ana duba abu na kusa, ya kuma baje idan ana hangen na nesa.

Tsawon ƙwayar idon babban mutum daga gaba zuwa baya bai wuce milimita 24 ba. Idan tsawon ya ƙaru ko ya ragu da milimita ɗaya kacal, haske ba zai sauka a inda ya dace ba, sai mutum ya riƙa gani dishi-dishi.

Ibn al-Haytham, masanin da aka haifa a Basra wajajen shekarar 965 ya kuma yi rayuwa a Alƙahira, shi ne ya kafa hujja a littafinsa Kitab al-Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga waje, saɓanin masu cewa ido ne ke fitar da haske. An fara ƙera tabarau a Italiya a ƙarshen ƙarni na 13.

Matsalar iri huɗu ce

Na farko shi ne kasa ganin abu daga nesa, wanda likitoci ke kira mayofiya. Yawanci ƙwayar ido ce ke yin tsawo fiye da kima. Yaron da ke da ita yana karanta littafi lafiya lau, amma ba ya ganin abin da malami ya rubuta a allo, saboda haka yakan ƙanƙance ido ko ya matsa gaban aji. Ta fi farawa a shekarun makaranta.

Na biyu kishiyar wannan ne, inda ƙwayar ido ke yin gajarta. Mai ƙananan shekaru kan iya tilasta wa idonsa ya gani, amma hakan na jawo gajiyar ido da ciwon kai idan an daɗe ana karatu. A wajen ƙananan yara tana iya haddasa harara-garke.

Na uku shi ne wanda ake kira astigimatizim, inda tantanin gaban ido ba ya zama zagaye sosai, sai ya fi lanƙwasa ta wani ɓangare. Mai shi kan ga baƙaƙe kamar suna da inuwa, ko na kusa ko na nesa.

Na huɗu shi ne raunin ganin kusa da ke zuwa da shekaru. Daga wajajen shekara 40, madubin cikin ido kan fara taurara, sai mutum ya ga yana nisanta takarda ko wayar salula daga fuskarsa kafin ya karanta. Wannan kan sami kowa, har da wanda bai taɓa ciwon ido ba. Mai shekara 40 da 'yan kai kan fara da tabarau mai ƙarfin +1.00, kuma ƙarfin kan hau zuwa wajajen +2.50 a shekara 60.

Yadda ake auna ido

Allon awon ido mai manyan haruffa a sama da ƙanana a ƙasa, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Herman Snellen ne ya fito da shi a 1862. Akwai wani nau'in da ke ɗauke da harafin E kawai yana fuskantar sassa daban-daban, wanda ake amfani da shi ga wanda bai yi karatun boko ba. Abin da ake buƙata kawai shi ne ya nuna da hannu inda ƙafafun harafin suka dosa.

Akan tsayar da mutum a nisan mita 6. Idan aka rubuta 6/6, ganinsa lafiya lau ne. Idan aka rubuta 6/18, ma'ana sai ya matso mita 6 yake ganin abin da mai lafiyar ido ke gani daga mita 18. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ganinsa ya gaza 3/60 a idon da ya fi lafiya makaho ne.

Daga nan akan ba mutum wani abu mai ɗan ƙaramin rami ya leƙa. Idan gani ya washe ta cikin ramin, alama ce cewa tabarau zai yi amfani. Idan bai washe ba, akwai yiwuwar wata cuta ce daban.

Wajen yara, akan ɗiga maganin da ke sassauta naman cikin ido na ɗan lokaci kafin awo, domin idon yaro na iya ɓoye ainihin girman matsalar.

Abin da binciken ƙasa ya nuna

Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ce ta gudanar da binciken na 2005 zuwa 2007, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar Sightsavers da wata cibiyar nazarin lafiyar ido da ke Landan. An duba idon mutane 13,599 masu shekara 40 zuwa sama, a wurare 305 da aka zaɓa daga dukan sassan ƙasar.

An gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu waɗannan shekaru makafi ne, wato kimanin mutane miliyan 1.1 a lokacin. Makanta ta fi yawa a arewa maso gabas da kashi 6.1, ta kuma fi ƙaranci a kudu maso yamma da kashi 2.8. Yanar ido ce ta haddasa kashi 43 cikin 100 na makantar, sai hawan jinin ido, wato gilakoma, da kashi 16.7.

Amma da aka koma kan waɗanda ganinsu ya yi rauni ba tare da sun makance ba, sai lissafin ya sauya. Rashin tabarau ne ya haddasa kashi 77.9 cikin 100 na ƙaramin raunin gani, da kashi 57.1 na matsakaici.

Masu binciken sun ƙiyasta cewa sama da manya miliyan 2 ne ke buƙatar tabarau domin ganin nesa kawai. Sun kuma ce fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan buƙata ana iya biyan ta da tabarau mai araha wanda aka riga aka ƙera, ba sai an yanka wa kowa nasa ba.

Binciken ya kuma bankaɗo wani abu da ya fi shafar arewa. Sama da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka yi wa aikin yana, masu aikin gargajiya ne suka yi shi, ta hanyar tura madubin da ya yi yana zuwa can cikin ido da wani tsinke. Idon da aka raba da madubinsa ba ya gani sosai sai da tabarau mai kauri ƙwarai, kuma mafi yawan irin waɗannan idanu an same su a makance. A asibiti, idan an cire yana akan dasa madubin roba a madadinta.

Zariya da maƙwabtanta

A 2011, likitocin ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun wallafa sakamakon wani nazari da suka yi a wata makarantar yara a Zariya, inda suka duba ɗalibai sama da 300. Fiye da kashi ɗaya cikin biyar na yaran suna da wata matsalar ido. Wadda ta fi yawa ita ce buƙatar tabarau da ba a biya ba, da kashi 8 cikin 100, sai ƙaiƙayin ido da ke biye.

A aji mai ɗalibai 50, wannan na nufin yara huɗu ke nan. Yaro dai ba kasafai yake kai ƙara ba, domin a zatonsa haka kowa ke gani. Sau da yawa abin da iyaye da malamai ke lura da shi shi ne koma-baya a karatu, kuma akan ɗora laifin a kan wasa ko rashin ƙoƙari.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Idan ido ɗaya ya daɗe yana aika hoto mara kyau, ƙwaƙwalwar yaro kan yi watsi da shi ta dogara da ɗayan. Gyara wannan ya fi sauƙi kafin shekara bakwai zuwa takwas. Bayan haka, ko an sa tabarau, idon ba lallai ne ya dawo daidai ba.

Ta fuskar manya kuwa, wani nazari da aka yi a ƙaramar hukumar Bunguɗu ta jihar Zamfara, aka wallafa a 2015, ya gano cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama da aka duba suna da raunin ganin kusa. Waɗanda ke da tabarau da ya dace a cikinsu ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Asarar da ake yi

Akan ɗauka cewa tabarau na karatu na 'yan boko ne da ma'aikatan ofis. Gwaje-gwajen da aka yi a wasu ƙasashe sun nuna akasin haka.

A jihar Assam ta Indiya, an raba masu tsinkar ganyen shayi 751 gida biyu, aka ba rabi tabarau nan take, rabi kuma sai bayan gwaji. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa waɗanda aka ba tabarau sun ƙara yawan abin da suke tsinka a rana da kashi 21.7 cikin 100. Ga waɗanda suka haura shekara 50, ƙarin ya zarce kashi 30.

A Bangaladash, wani gwaji da ya ƙunshi mutanen karkara 824, ciki har da teloli da masaƙa da masu shaguna, ya nuna cewa kuɗin da masu tabarau ke samu a wata ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. An wallafa shi a 2024.

A yammacin Sin kuma, gwajin da aka yi a makarantun firamare 252, aka wallafa a 2014, ya nuna cewa yaran da aka ba tabarau kyauta sun fi takwarorinsu samun ci gaba a jarrabawar lissafi.

Sana'o'in da aka gwada a Indiya da Bangaladash ba su da bambanci sosai da na Tudun Jukun. Tela, da mai ɗinkin hula, da mai gyaran waya, da makaniki, da matar da ke tsince tsakuwa daga shinkafa, duk da idon kusa suke aiki. Haka ma dattijon da ya rage karatun Alƙur'ani saboda baƙaƙen sun fara haɗe masa. Direba da ɗan acaɓa kuwa ganin nesa suke buƙata, kuma rayukan wasu na hannunsu.

Shin tabarau na lalata ido?

Wannan tsoro ya yaɗu a ƙasashe da dama, kuma yana cikin abubuwan da ke sa iyaye hana yara sanya tabarau. Masu bincike sun gwada batun.

A gwajin na ƙasar Sin, an sake auna idon yaran a ƙarshen shekarar karatu, kuma ba a ga alamar cewa tabarau ya raunana ganinsu ba. A Malesiya, wani gwaji da aka wallafa a 2002 ya ba wasu yara tabarau da aka rage wa ƙarfi da gangan, bisa zaton hakan zai sa ido ya yi ƙoƙari. Sai aka ga matsalarsu ta fi saurin ƙaruwa fiye da ta waɗanda aka ba cikakken ƙarfi.

Abin da ke faruwa shi ne, wanda ya saba da gani garau da tabarau, idan ya cire sai ya lura da dishi-dishin da a da ya ɗauka ba komai ba ne. Ƙarfin tabarau kuma kan hau da kansa yayin da yaro ke girma ko babba ke manyanta, ko an sa ko ba a sa ba.

Kwalli ko tozali, ko wani abin ɗigawa, ba ya sauya tsawon ƙwayar ido, saboda haka ba ya maye gurbin tabarau.

Tabarau na kasuwa

Tabarau na karatu da ake sayarwa a kasuwa kan wadatar da wanda matsalarsa ta shekaru ce kawai, matuƙar idanunsa biyu ƙarfinsu ɗaya ne. Ba ya yi wa yara amfani, ba ya gyara ganin nesa ga mai mayofiya, kuma ba ya gyara astigimatizim.

Babban haɗarin shi ne mutum ya tsallake binciken asibiti. Hawan jinin ido ya fi kama masu shekara 40 zuwa sama, ya fi tsanani a tsakanin baƙar fata, kuma yakan ci gani daga gefe ba tare da ciwo ba. Abin da ya ci ba ya dawowa. Ciwon suga ma kan lalata tantanin bayan ido a ɓoye, kuma hawa da saukar suga kan sa ƙarfin tabarau ya riƙa sauyawa.

Akwai kuma dattijon da ya daɗe yana amfani da tabarau na karatu, kwatsam ya ga yana karantawa ba tare da shi ba. Wannan sau da yawa alama ce ta farkon yanar ido, ba waraka ba.

Sauran hanyoyin gyara

Ban da tabarau, akwai ɗan siririn madubi da ake mannawa a kan ƙwayar ido. Yana buƙatar tsafta sosai, domin ƙura da gurɓataccen ruwa na iya jawo gyambon ido, abin da ya sa ya fi wahalar sha'ani a lokacin hunturu.

Akwai kuma tiyatar hasken leza, wadda aka fara a ƙarshen shekarun 1980, inda ake sassaƙe tantanin gaban ido domin sauya lanƙwasarsa. Ana yin ta ne ga manya waɗanda ƙarfin tabarau ɗinsu ya daina sauyawa. Tana da tsada, tana iya haddasa bushewar ido, kuma ba ta hana raunin ganin kusa zuwa idan shekaru sun yi.

Bincike na baya-bayan nan ya fi karkata ga rage saurin mayofiya a yara. A wasu biranen gabashin Asiya, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu kammala sakandare suna da ita, yayin da a Afirka adadin yaran da ke da ita bai wuce kimanin kashi 5 ba. Wani ƙiyasi na 2016 ya ce nan da 2050 kusan rabin mutanen duniya za su kasance da ita.

A birnin Guwanzu na Sin, an ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 na wasa a waje kowace ranar makaranta har tsawon shekara uku. Kashi 30.4 cikin 100 ne suka kamu da mayofiya, idan aka kwatanta da kashi 39.5 a makarantun da ba a ƙara ba. Gwaje-gwaje a Singafo da Hon Kon kuma sun nuna cewa ɗigon maganin atirofin mai ƙarancin ƙarfi kan rage saurinta, amma sai bisa kulawar likita.

Inda aka dosa

A rahotonta na 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutane biliyan 2.2 ne ke da raunin gani a duniya, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki ana iya kauce wa matsalarsu ko kuma ba a magance ta ba tukuna. Fiye da miliyan 800 daga cikin waɗannan, tabarau na karatu kawai suka rasa.

A 2021, ƙasashen da ke cikin hukumar sun amince su ƙara yawan masu samun tabarau da ya dace da maki 40 cikin 100 nan da 2030. A 2023 kuma gwamnatin Nijeriya ta sanar da wani shiri na samar da tabarau miliyan 5 ga 'yan ƙasar, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar Peek Vision.

Ga mazauna Tudun Jukun da kewaye, akwai sashen ido a asibitin koyarwa da ke Shika. A Kaduna, mai nisan kimanin kilomita 80, akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa, wadda aka yi dokar kafa ta a 1979. A Kano kuma akwai asibitin ido na ECWA, wanda ke aiki tun 1943. Tun 1989 Nijeriya ke da hukumar da ke yi wa masu auna ido da masu haɗa tabarau rajista, kuma mai neman awo na da damar tambaya ko mai auna shi yana da rajistar.

Shawarar da likitocin ido ke bayarwa ita ce a duba idon yaro kafin ya shiga firamare, a kuma sake dubawa idan ya fara ƙanƙance ido ko kusantar da littafi ga fuskarsa. Wanda ya kai shekara 40 kuwa, ya nemi a auna masa har da ƙarfin ruwan ido da jijiyar gani, ba ƙarfin tabarau kaɗai ba. Mai ciwon suga, da wanda ke da hawan jinin ido a danginsa, ana so su riƙa zuwa awo aƙalla sau ɗaya a shekara.